Neman Zaure a Fatakwal

"Shago kake nema, ko gidan kwana?" Wannan ita ce tambayar da dillalan gidaje suka riƙa yi wa wani Bazazzagi mai sana'ar ɗaukar hoto a birnin Fatakwal, tun daga saukar ruwan farko na shekarar 2022 har zuwa ƙarshen damina. Kowa ya tambaye shi amsa ɗaya yake bayarwa, watau dukansu biyu yake so, kuma a ƙarƙashin rufi ɗaya. Waɗansu su yi dariya su ce ya je ya shawarci zuciyarsa tukuna, waɗansu kuwa su karɓi kuɗin ganin ɗaki su kai shi inda bai kwatanta ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya gane abin da mutumin nan yake nufi, domin abin da yake nema ba ya cikin littafin dillali. A Hausa kuwa sunansa gajere ne, shi ne zaure.

Mutumin nan, wanda 'yan unguwa ba su san shi da wani suna ba sai Mai Hoto, ya sauka Fatakwal a shekarar 2010 yana saurayi, bayan ya gama koyon sana'a a hannun wani Bayarabe a Sabon Garin Zariya. Da kyamara rataye a wuya ya fara, yana bin kasuwanni da tashoshin mota da bakin masallatai, inda 'yan Arewa suke taruwa. Masu doya da albasa, da mahauta, da 'yan canji, da masu gadi, da masu gyaran takalma, su ne abokan cinikinsa na farko. Bukatarsu kuwa ɗaya ce, a ɗauke su cikin sutura mai kyau, ko da ta aro ce, a wanke hoton a aika gida don iyaye su ga ɗansu yana cikin rufin asiri. Sannu a hankali ya tara abin da ya kama ɗan ƙaramin shago a unguwar Diyobu, ya sayi fitilu biyu da labule da kwamfuta da injin buga hoto. Kwana kuwa yana yinsa ne a wani ɗaki da suka haɗa kuɗi su huɗu suka kama, tafiyar rabin sa'a daga shagon.

A 2011 ya yi aure a gida, ya bar amarya wurin mahaifiyarsa a cikin birni, kamar yadda yawancin 'yan ci-rani suke yi. Sau biyu yake zuwa a shekara, da ƙaramar Salla da babba, har Allah ya ba su 'ya'ya uku. A Babbar Salla ta 2021 ne abin da ya sauya masa tunani ya faru. Yana zaune a tsakar gida ana babbakar kai, sai autarsa, 'yar shekara uku, ta raɓe bayan uwarta ta tambaye ta, cikin irin raɗar yara da kowa yake ji, wai yaushe baƙon nan zai tafi. Matan gida suka yi dariya, aka ɗauko waya aka nuna mata hotonsa aka ce ai Abbanta ne. Yarinya ta dubi wayar, ta dube shi, ta ce na cikin wayar shi ne Abba. Shi ma ya taya su dariya, amma daren nan bai runtsa ba. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar mutane hoto don a riƙa tunawa da su a gida, ashe shi ma bai wuce hoto ba a gidansa.

Da ya koma Fatakwal sai ya zauna ya yi lissafi. Abin da yake samu ba zai ɗauki hayar shago da hayar gidan iyali dabam-dabam ba, balle a garin da ake neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali kashi goma cikin ɗari, ga kuɗin lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Sana'ar ma ba kamar da take ba, tun da kowa ya sami kyamara a aljihunsa. Abin da ya rage wa mai hoto shi ne fasfo na takardun makaranta da na neman aiki, da bukukuwa, da hoton da ake sa wa firam a rataye a bango. Taura biyu ba ta taunuwa. In dai iyali za su zo, to lalle wurin aiki da wurin kwana su zama ɗaya.

GARIN DA BA A GINA SHI DA ZAURE BA

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce gare shi, domin a irin wannan gida ya tashi. Mahaifinsa maɗinkin riguna ne, irin aikin allurar nan da aka san birnin Zariya da shi, kuma bai taɓa biyan hayar shago ba har ya koma ga Allah. A zaure yake shimfiɗa tabarma shi da yaransa, nan masu kawo ɗinki suke iske shi, nan ake ciniki, nan ake cin tuwo da baƙi. Daga zaure sai fili, sai shigifa, sa'an nan cikin gida inda mata suke. Maginan da sun san abin da suke yi, ba su daidaita ƙofar shiga da ta wucewa ciki, sai su karkatar da ɗaya, yadda wanda ke zaune a zaure ba zai hango tsakar gida ba. Da wannan ɗaki guda Bahaushe ya biya bukata biyu, ta neman abinci da ta sirrin iyali. Masu sana'ar hoto na farko a Afirka ta Yamma ma da yawansu daga gida suka fara. Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, wanda hotunansa suka shiga manyan gidajen nune-nune na Turai da Amurka, a farfajiyar gidansu ya buɗe wurin aikinsa a 1948, da hasken rana yake ɗauka, labulensa na farko kuwa zanen gadonsa ne.

Amma Fatakwal ba don masu zaure aka gina ta ba. Turawa sun gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909, suka shiga neman gaɓar da jirgin ruwa zai iya tsayawa ya ɗauka. Aka zaɓi wannan wuri a ƙasar Ikwere da Okirika a 1912, a shekarar da ta biyo baya Gwamna Lugga ya raɗa masa sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Inugu a 1916, ta haɗu da ta Arewa ta wajen Kafancan a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Ta wannan hanya fataken shanu da na wake da albasa suka riƙa gangarowa har bakin teku. Garin kansa kuwa an tsara shi ne bisa bukatar tashar jiragen ruwa: unguwar Turawa can gefe da itatuwanta, unguwar ma'aikata a cikin gari, sa'an nan Diyobu ta kwashe ragowar jama'a, har ana kiran sassanta da lissafin mil, watau Mil 1 da Mil 2 da Mil 3. Da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka kuma buɗe matatar mai a Eleme a 1965, sai mutane suka yi ta kwararowa. Masu fili suka cika shi da gini iri ɗaya, doguwar hanya a tsakiya, ɗakuna a jere dama da hagu suna kallon juna, madafa ɗaya da makewayi ɗaya can baya na kowa da kowa. Gida ne na leburan da zai fita da asuba ya dawo da dare. Ba a yi shi don mai sana'ar da baƙi za su yi masa sallama iyalinsa suna ciki ba.

ABIN DA ƊAKIN HOTO YAKE BUKATA

Wanda bai san sana'ar ba zai zaci kowane ɗaki ya isa a ɗauki hoto, alhali kuwa ba haka ba ne. Mai Hoto ya rubuta sharuɗɗansa a bayan wani tsohon rasit yana yawo da shi a aljihu. Tsawon ɗakin ya kai kamar mita shida, domin in mai ɗauka bai sami wurin ja da baya ba, mutum yakan fito da ƙaton kai da 'yan ƙafafu, kuma wanda ake ɗauka ma sai ya ɗan nisanci labule don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Rufi ya yi tsawo saboda fitilu. Taga ta dubi kudu ko arewa, don kada rana ta faɗo kai tsaye ta ƙona rabin fuska. Ƙofa ta buɗe bakin hanyar da mutane suke bi da ƙafa. Wuta ta samu, ko kuwa wurin ajiye janareta inda hayaƙinsa ba zai shiga ɗakin kwana ba.

Sai kuma maganar danshi, wadda ɗan Arewa ba ya saninta sai ya zo. Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, watau ya ninka na Zariya, iska kuma kullum a jiƙe take. Gilashin kyamara in ya daɗe a ɗaki mai laima sai fumfuna ta tsiro a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo, in ta ci gilashin kuwa babu magani sai sabo. Takardar hoto ta manne da 'yar'uwarta, labule ya yi ɗoyi. Daɗin daɗawa, tun daga ƙarshen 2016 garin ya yi fama da baƙar kunkunniya mai saukowa daga sama, wadda aka danganta da ɗanyen man da ake dafawa a ɓoye cikin surƙuƙin ruwa. Ta yi sauƙi daga baya, amma ta koya wa kowane mai farin labule cewa taga marar gilashi asara ce. Duk da haka danshi bai taɓa hana sana'ar ba, domin wannan yanki ne ya haifi Jonathan Adagogo Green na Boni, wanda ake lissafawa a matsayin ɗan Nijeriya na farko da ya riƙi ɗaukar hoto sana'a. Shi ya ɗauki Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa za su kai shi Kalaba, kuma hoton yana nan har yau.

Sharaɗi na ƙarshe a takardar, wanda ya ja wa layi biyu a ƙarƙashi, shi ne ƙofa ta biyu. Matarsa da baƙinta su shiga su fita ba tare da sun ratsa ta cikin masu jiran hoto ba, masu jiran hoto kuma kada su hango tukunyarta.

GIDAJE HUƊU

Wuri na farko da aka nuna masa shago ne a wani sabon bene na 'yan kasuwa, mai faɗi da haske, amma ƙarfe bakwai na yamma ake kulle babbar ƙofa, kuma an rubuta a yarjejeniya ba a kwana. Na biyu gida ne mai ɗaki biyu da falo a wata unguwa mai shinge da maigadi. Falon ya kai mita shida har da ɗoriya, sai dai ƙungiyar mazauna unguwar ba ta yarda a kafa allon sana'a ba, kuma mai doya da ke son fasfo na gaggawa ba zai tsaya rubuta sunansa a littafin maigadi ba.

Na uku yana gangaren bakin ruwa, cikin unguwannin nan da talakawa suka cike fadama da baƙin laka suka yi gini a kai. Haya da sauƙi, mai gidan kuma ya ce ko rushe bango yake so ya rushe. Mai Hoto ya tsaya a ƙofar ya daɗe yana kallo, domin ya san tarihin irin wannan wuri. An rushe unguwar bakin ruwa ta Njemanze a watan Agusta na 2009, aka rushe ta Abonnema Wharf a watan Yuni na 2012, sa'an nan a farkon 2022 aka sake rushe waɗansu a gefen Diyobu, dubban mutane suka rasa matsuguni. A rusau na 2012 da idonsa ya ga wani tela zaune a bakin titi, kan keken ɗinkinsa a cinya, katifa a gefe, ba gida ba shago, domin dukansu ɗaki ɗaya ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ya yi wa mai gidan godiya ya hau tudu.

Na huɗu shi ne ya fi yi masa ciwo, domin ya cika sharuɗɗan duka. An yi magana ta waya an daidaita, ya zo da kuɗin kafin alƙalami. Da mai gidan ya fito ya gan shi da hula da kaftani sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Aboki, ai na zaci aikin gadi ka zo nema." Bayan 'yan kame-kame ya ce ɗan'uwansa ya riga ya kama wurin. Dillali ya ja Mai Hoto gefe ya faɗa masa gaskiya, wai mai gidan yana tsoron in ya ba mutum ɗaya, kafin wata uku mutum ashirin ne za su riƙa kwana a ciki, in kuma rikici ya tashi a ƙone masa gida saboda su.

SHAWARAR DATTIJO

Ran nan da dare ya tafi wurin wani dattijo, fatoman masu kawo kayan gwari, wanda shi ya ba shi masauki ranar da ya fara sauka garin. Dattijon nan haifaffen Inugu ne, a irin unguwannin da Ibo suke kira Ama Hausa, yana jin harshensu kamar jakin Kano da Hausa. Ya saurari labarin har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ɗana, mai gidan nan bai kyauta maka ba, amma ni ma da ka shawarce ni tun farko da na hana ka. Kana ganin don rowa ne 'yan kasuwarmu suke kwana a kan buhu a nan, alhali suna da benaye a Kano da Sakkwato? Baƙo raɓa ne."

Ya ba shi labarin 1966, yana ɗan shekara goma, lokacin da kashe-kashen da aka yi a Arewa suka jawo ramuwa a Gabas, aka kwashe 'yan Arewa zuwa gida, mahaifinsa ya bar ɗaki da rumfa da littafin bashi, ya fita da buta da 'ya'yansa. Ya tuna masa da Anaca a watan Fabrairu na 2006, bayan rikicin Maiduguri, yadda Hausawa suka tsallaka gadar Kwara da ƙafa zuwa Asaba, waɗansu suka fake a bariki. Ya tuna masa da Oyigbo, nan bakin Fatakwal, a watan Oktoba na 2020. Ya ce, "Abin da ake yi a can shi ake ramawa a nan, abin da ake yi a nan shi ake ramawa a can, kuma kullum talaka baƙo ne yake biya. In shagonka dabam, iyalinka dabam, wuta ɗaya ba ta cinye su tare. Kai kuwa kana so ka tara mata da 'ya'ya da jari a bayan ƙofa ɗaya."

Mai Hoto ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba, ban musa ko ɗaya ba. Amma a Inugun da aka haife ka, ba Umaru Altine, Bafillacen Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, aka zaɓa magajin gari na farko cikin shekarun 1950 ba? Kai kanka bayan yaƙi ya ƙare a 1970 ai ka dawo, ga shi har ka yi furfura a nan. Raɓar da ta shekara hamsin ba ta bushe ba, Baba, ai ta zama ruwan gari. Ni abin da nake tsoro ya riga ya same ni, 'yata ba ta san ni ba." Dattijo ya yi shiru, can ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma bai ce ya yarda ba.

TSOHUWA MAI GIDA

Ba dillali ne ya samo masa gidan ba daga ƙarshe. Wani mai shayi ne ya ce masa mai kantin maganin da ke bayan rumfarsa ya tashi, kuma tsohuwar da ke da gidan tana neman mai shiga. Gida ne na ƙasa, tsohon gini. Shagon yana fuskantar titi, a bayansa akwai ƙofa a kusurwa mai fita wani ɗan lungu, sa'an nan ɗaki biyu da ɗan fili da madafa, ga kuma wata ƙaramar ƙofa ta gefe mai fita layi. Ya auna shagon da taku, ya tarar ya gaza abin da yake so da kamar taku ɗaya, bangon baya kuma yana tsattsafo. Amma da ya tsaya a ƙofar titi ya duba, bai hango filin ba.

Tsohuwar 'yar ƙabilar Ibo ce, mijinta ya rasu, tana zaune a ɗaya sashen. Da Turancin buroka suka yi magana. Ya ce, "Mama, zan faɗa miki gaskiya tun yanzu. Nan gaba zan yi aiki, nan baya iyalina za su zauna. Baƙo iyakarsa ɗakin gaba." Ta dube shi ta ce, "Malam, ai wannan obi kake nufi. A ƙauyenmu kowane magidanci yana da shi a bakin gida, nan yake karɓar baƙi ya fasa goro, mata suna ciki. Gari ne ya sa muka manta." Wata shida yana bayani ga dillalai, sai ga wadda ta gane cikin magana ɗaya.

Kowa ya kawo sharuɗɗansa. Ita ta ce janareta ya mutu ƙarfe goma na dare, kada a ajiye masu kwana a shago, ragon Salla kuma a yanka shi a bayan gida a wanke wurin. Shi ya ce a bar shi ya ja katangar kwano tsakanin sashensa da nata, ya gyara bangon da ke tsattsafo a cire kuɗin daga haya, kuma a rubuta ƙarara cewa an ba shi wurin don zama da sana'a, domin ya ga waɗanda aka kora da hujjar sun mai da gidan kwana kasuwa. Aka rubuta shekara biyu a gaban lauya. Wani dattijon cocinsu ya sa mata hannu, shi kuwa fatoman nan da ya hana shi, shi ne ya zo da sandarsa ya tsaya masa shaida.

Bayan an gama sai tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani hoto a cikin leda, ya yi ja, fumfuna ta ci gefensa. Wani mutum ne da farar riga tsaye a gaban gida mai baranda. Ta ce mahaifinta ne, gidan kuwa nasa ne a cikin gari. Sun gudu a 1968 da sojojin Tarayya suka shigo Fatakwal, da suka dawo bayan yaƙi suka tarar an lissafa shi cikin dukiyar da aka ce masu ita sun yi watsi da ita, kamar gidajen Ibo da yawa a garin, daga baya aka sayar, dokar 1979 kuma ta tabbatar da cinikin. Har ya mutu yana bi ta titin yana kallon gidan daga nesa. Wannan da suke ciki ita da mijinta suka gina da kuɗin sayar da atamfa. Ta ce, "Na san abin da ake nufi da a ce wa mutum ba ɗan gari ba ne. Za ka iya gyara mini wannan?" Ya kwana uku a kan hoton a kwamfuta, ya buga mata babba ya sa a firam, bai karɓi ko kwabo ba.

ZUWAN IYALI

Bai yi watsi da maganar dattijo ba. Filin da ya gada a Zariya bai sayar ba, ko da yake kuɗinsa zai rage masa nauyi. Duk hoton da ya ɗauka yana da kwafi biyu, ɗaya yana aika wa ƙanensa a gida. Takardun haihuwar yara da yarjejeniyar haya da kyamara mafi tsada suna cikin jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofar gefe. Haɗa gida da wurin aiki kuma ya zo da nasa nauyin: masu karɓar kuɗin allo da na shara da na wurin sana'a duk sun san ƙofarsa, mai neman fasfo yakan buga ƙofa ana cin abincin dare, kuma saboda takun nan ɗaya da ɗakin ya gaza, in zai ɗauki dogon mutum tsaye sai ya fita ya tsaya a kan dakali.

Da aka yi hutun makaranta na ƙarshen shekara iyali suka taso a mota, ta Kaduna da Abuja da Lakwaja da Inugu, suka iso da hantsi a gajiye. Ya shigo da su ta ƙofar gefe. Uwargida ta zaga ɗakunan, ta duba madafa, ta taɓa katangar kwano, ba ta ce komai ba. Can ta bi ta lungu ta leƙa ɗakin gaba, ta ga fitilu da labule da benci, ta komo ta ce, "Malam, in na gama abinci a zaure zan aiko maka, ko za ka shigo ciki?" Bai taɓa kiran ɗakin da wannan suna a gabanta ba.

Ita autar kuwa ta yi mako guda tana kallonsa daga nesa. Yanzu in ta dawo daga makaranta takan zauna a ƙarshen benci, in ya ce wa mai hoto ya ɗaga haɓa ita ma ta ɗaga tata. Dattijo fatoma yakan biyo bayan sallar Juma'a ya sha ruwa, kuma har yanzu yana nan a kan bakansa, cewa wanda ya tara komai nasa wuri ɗaya a baƙon gari ya yi kasada. Mai Hoto ba ya musa masa, domin ya san takardar haya ba ta tare wuta, ba ta tare katafila. Abin da ya sani shi ne waccan rayuwar ma kasada ce, sai dai ita a hankali take cin mutum, ba a ganin hayaƙinta. Dubban 'yan Arewa a Fatakwal da Anaca da Inugu suna tsakanin waɗannan biyun, kowa da irin lissafinsa, haka nan dubban 'yan Kudu a Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa baƙo ya kwana da iyalinsa a inda yake neman abincinsa ba tare da ya rataye jaka kusa da ƙofa ba, amin.